Buta da Shayi a Ƙasar Ikara, Makarfi da Kudan: Hanyoyi Uku

Sanin kowa ne cewa buta ta girmi shayi a ƙasar Hausa. Tun asali ta duma ce ko ta yumɓu, aikinta alwala da guzurin ruwa ga matafiyi. Da shayi ya shigo, sai aka ara masa sunanta, har ya zamana kalma ɗaya tana ɗauke da kayayyaki dabam-dabam. Wannan ne ya sa wasu manazarta suke ɗaukar shayi kacokan a matsayin baƙon da Turawa suka kawo. Idan aka dubi abin da ake dafa shi a ciki a Ikara da Makarfi da Kudan, za a ga zancen ya fi haka faɗi. Kalmar "shayi" kanta daga Larabci take.

Koren ganye ɗan ƙasar Sin ta arewa ya biyo. Ya bazu a Maroko bayan Yaƙin Kirimiya na 1853 zuwa 1856, lokacin da fataken Ingila suka karkatar da hajarsu zuwa tashoshin ruwan ƙasar, daga nan ayarin raƙuma ya kai shi ga Buzaye. Yaɗuwarsa sosai a arewacin Nijeriya kuwa tana da alaƙa da farin 1973 da 1974, wanda ya koro Buzaye da yawa kudu, suka kama aikin gadi, kowa da 'yar butarsa da kaskon waya na gawayi. Ƙanƙantar wannan buta ba tsiya ba ce. Ganyen a murɗe yake, ana tafasa shi har sau uku a ruwa kaɗan, ana ƙara sukari kowane zagaye, na farko da ɗaci, na ƙarshe da zaƙi. Ƙarfe mai fenti yana jure zama a kan garwashi, siririn bakinta kuma shi ke ba da damar tsiyayowa daga sama cikin ƙananan kofunan gilashi har kumfa ta taso. A zuba wannan ganye a babbar buta, ruwa ya rinjaye shi, an yi asarar ganye da gawayi.

Baƙin ganye ta kudu ya zo, tare da kantunan Turawa da hanyar jirgin ƙasa da ta iso Kano a 1911, wadda ta ratsa ta Gimi a ƙasar Makarfi. Shi jiƙawa kawai yake bukata, in ya daɗe a wuta sai ya yi bauri. Don haka babbar butar mai shayi a tasha da bakin kasuwa, ainihin aikinta riƙe ruwan zafi ne. Haɗin Lipton da madarar gwangwani da sukari a kofi ake yin sa, gwargwadon kuɗin mai saye. Noman ganyen a tsaunin Mambila sai a shekarun 1970 aka kafa shi.

Hanya ta uku ta gida ce, kuma ita aka fi mantawa da ita. Dafa citta da kanumfari da masoro da kimba don mura da sanyin hunturu ya riga ganyen shayi, daga baya ne aka raɗa masa sunan. Saiwa da ɓawo ba su sakin ƙamshi sai sun daɗe suna tafasa, kuma suna toshe bakin buta, saboda haka tukunya mai faɗin baki ce tasu, a tace da rariya. Ta yumɓu tana riƙe zafi, amma tana shan wari, shi ya sa ba a haɗa ta da miya. A nan ne arzikin wannan yanki ya shigo. Fadamun Makarfi da Kudan da Ikara sun shahara da rake, kuma a nan ake matse shi da inji, a dafa ruwan a zuba a ƙananan kwanuka ya daskare ya zama mazarƙwaila. Ɗanɗanonta mai ƙarfi yana danne koren ganye, amma yana tafiya daidai da yajin citta, kuma ƙulli ne mai tauri da ya fi saurin narkewa a tukunyar da ke bisa wuta.