Masu Bin Makaɗa: Tarihin Kiɗan Dare a Ƙananan Kulob na Arewa

Kafin kaset ya cika kasuwa, duk mai son jin kukumar Garba Supa ko ta Hassan Wayam yadda take, sai ya taka da ƙafarsa zuwa inda ake goga ta. Rediyo kan sa waƙa ɗaya ko biyu a shirin zaɓe, faifan garmaho kuwa 'yan mintoci yake ɗauka. Kiɗan da ake farawa bayan lisha a kai shi har goshin asuba yana farfajiyar wani ƙaramin otal a Sabon Gari, ko wani kulob da aka kewaye da langa-langa a bayan tasha, ko tsakar gidan magajiya. A waɗannan wurare ne aka yi wasu mutane da tarihin waƙar Hausa bai cika ambato ba, wato masu bin makaɗi. Ba sa amshi, ba sa roƙo, ba a kuma biyansu ko sisi, su ne ma ke biya. Daren Juma'a suna wannan otal, ran Asabar sun ji wasa ya koma wata unguwa, sun bi.

Wannan al'ada 'yar bariki ce. A da, makaɗin Hausa yana da ubangida sananne: makaɗan fada na sarki ne, akwai na manoma, na maƙera, na mahauta, na 'yan dambe, kowa da rukunin da yake yi wa kiɗa. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, aka kafa Sabon Gari jim kaɗan bayan haka, Kaduna ta zama hedikwatar Arewa a 1917, haƙar kuza kuma ta ja dubban lebura zuwa Jos da Bukuru, sai aka samu wani sabon mutum a ƙasar Hausa: mai ɗaukar albashi a ƙarshen mako ko ƙarshen wata, wanda ya yi nisa da iyayensa da malaminsa da mai unguwarsu. Ma'aikacin reluwe, soja, ɗan sanda, direba, ɗan kamasho, malamin ofis. Yana da kuɗi a aljihu, yana da kewar gida, dare kuma nasa ne. A cikin ganuwar birni ba a sayar da giya a fili, amma a wajenta an bar mashaya da otal-otal. Makaɗan da ba su da gurbi a fada suka gane inda abincinsu yake.

Goge ne ya fara samun masauki a can, kuma da dalili. Abu ne mai sauƙin ɗauka: ƙoƙon duma da aka rufe da fatar guza, tsirkiya ta gashin wutsiyar doki, sai bakan da ake gogawa da shi. Amma sunansa ya daɗe da ɓaci a wurin malamai saboda alaƙarsa da bori, tun zamanin masu jihadi ana sa shi a sahun gaba na kaɗe-kaɗen da ake hani da su. Kayan kiɗan da aka hana wa zauren mutunci, bariki ta karɓe shi hannu biyu. Daga baya ƙanwarsa kukuma, wadda ta fi ƙanƙanta da zaƙin murya, ta shigo da ƙarfi a hannun Ibrahim Na Habu, sannan su Ahmadu Doka da Garba Supa da Hassan Wayam suka kai ta ko'ina.

Daren wasa yana da tsarinsa. Tun da magariba yara sun share fili, sun shimfiɗa tabarmi, sun jera bencina, an kafa lasifika idan akwai wuta. Masu ƙwarya ne ke fara zama, su kife ƙoren a gabansu suna gwada hannu. Wani yaron makaɗi zai ɗauki kukuma ya share fage na awa ɗaya ko fiye, mutane na shigowa ɗaya bayan ɗaya. Maigida ba ya fitowa sai wuri ya cika. Da ya zauna ya shafa ƙaro a tsirkiya ya ja ta sau biyu, waɗanda suka saba sun riga sun san waƙar da za a fara da ita.

A nan ne matsayin mai bin makaɗi yake bayyana. Baƙon da ya shigo yau zai ji kiɗa ya tafi. Shi kuwa wanda ya yi shekara yana bi, yana da takensa. Tun yana bakin ƙofa sanƙira ya hango shi, ya ɗaga murya ya faɗi sunansa da na garinsu da lambar motar da yake ja, makaɗi ya karya kiɗan da yake yi ya koma nasa. Sai ya ratso fili a hankali, ya tsaya gaban mai kukuma, ya fara manna masa kuɗi a goshi ɗaya bayan ɗaya, yaro na tsincewa yana zubawa a ƙwarya. Idan abokin hamayyarsa yana wurin, ko wata mace da suke takara a kanta, liƙin ya zama gasa, kuma daren nan 'yan amshi za su kwana da fara'a. Mata masu zaman kansu ba a baya suke ba a wannan fage. Da yawansu sun fi maza kyauta, suna ba da turmin atamfa da riguna, kuma su ne ke shirya ajo su gayyato makaɗi daga wani gari. Duk wanda ya saurari tsofaffin kaset na kukuma zai ji yadda sunayen hajiyoyi da direbobi suka cika su. Waɗannan sunaye rajistar masu bi ce, ita kaɗai ta rage.

Amfanin masu bi bai tsaya ga kuɗi ba. Direban da ke cikinsu shi ke kwasar makaɗa da kayansu zuwa Gusau ko Funtuwa ba tare da an yi cinikin mota ba. Su ke baza labarin inda za a yi wasa a tasha da kasuwa da teburin mai shayi, a zamanin da babu wayar hannu. Su ne kuma alƙalai. Mutumin da ya ji waƙa ɗaya a wurare da dama ya san daren da makaɗi ya ƙara sabon baiti, ya san daren da ya yi ha'inci ya gajarta. Idan sabuwar waƙa ba ta tayar da kowa daga benci ba, ta mutu a wurin. Wadda ta sa aka cika fili, ita ce za a kai gidan rediyon Kaduna ko a ɗauka a faifai. Abin da jama'a suka sani a matsayin shahararriyar waƙa ya riga ya sha gyara a gaban 'yan tsirarun mutanen nan.

Ko manyan da suka wuce wannan mataki ba su raina shi ba. Mamman Shata, wanda ya yi wa sarakuna da shugabanni waƙa har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, ya yi wasa a otal-otal da kulob na garuruwan Arewa tsawon rayuwarsa, kuma mashaya da direbobi suna da kaso mai tsoka a waƙoƙinsa. Ɗan Maraya Jos, da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, ya yi suna ne da waƙar karen mota da sauran talakawan tasha da bariki, mutanen da ke cika irin waɗannan wurare.

Ƙaramin kulob makaranta ce kuma. Yaro zai fara da ɗaukar kaya da tsintar kuɗi, a ba shi ƙwarya, ya shiga amshi, wata rana a miƙa masa kukuma ya share fage. Kuskurensa a gaban mutum talatin yake yinsa, a yi masa tsawa, gobe ya gyara. Babu wata takarda da ake bayarwa, amma wanda ya fito daga nan zai iya riƙe fili awa biyar ba tare da kiɗa ya faɗi ba.

A gefe guda kuma, a titunan Sabon Gari ɗin nan, akwai wani kiɗan na daban: jita da ƙahonin Turawa da gangunan zamani. Mutanen Kudu da na Gana ne suka kawo hailaif, kuma tsarin sana'ar ya bambanta da na masu goge. Kayan kiɗan suna da tsada, saboda haka galibi mai otal ne ke sayensu, ya ɗauki makaɗa aiki, ya ba su ɗaki da ɗan albashi, shi kuma ya ci ribar kuɗin ƙofa da abin sha. Makaɗin da ya saɓa da mai otal zai fita hannu rabbana, ya bar jitar a inda ya same ta. Rikicin 1966 da yaƙin basasar da ya biyo baya sun watsa yawancin waɗannan ƙungiyoyi, don makaɗa da masu otal da yawa sun koma Gabas. Bayan 1970 abin ya farfaɗo da kuɗin man fetur. A Jos aka yi Sahara All Stars ƙarƙashin Dan Satch Ayuba, a Kano aka yi Elcados, duka biyun sun bar faya-fayan da masu tara tsofaffin kiɗa a Turai ke nema har yau.

Wanda ya fi kowa ƙoƙarin haɗa duniyoyin nan biyu shi ne Bala Miller. An haife shi a Pankshin a 1928, ɗan wani limamin coci Bahaushe daga Zariya. Ya yi karatu a Legas, ya yi hulɗar kiɗa da Victor Olaiya, sannan ya dawo Arewa da burin ganin 'ya'yanta sun iya kayan kiɗan zamani. A zamanin Gwamna Audu Bako ya sa hannu wajen kafa makarantar koyon kiɗa a Kano, ya kuma yi aiki a shirye-shiryen bikin FESTAC na 1977. Ƙungiyarsa, Great Music Pirameeds of Afrika, ta yi zamanta a Costain Club da ke Kaduna, inda ma'aikatan gwamnati da na masaƙu da hafsoshin soja ke haɗuwa a ƙarshen mako. Ya yi waƙa da Hausa a kan kiɗan ƙaho da jita, waƙarsa "Ikon Allah" ta shiga gidajen da ba su taɓa leƙa kulob ba, shirinsa na talabijin a NTA kuma ya kai ƙungiyar ga ƙasa baki ɗaya. Abin da ya fi muhimmanci a aikinsa shi ne matasan da ya ɗauka ya horar, ya ba su wurin da za su riƙa kiɗa kowane mako a gaban mutane masu rai.

Abubuwa da dama ne suka taru suka kashe wannan kasuwa. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, kayan kiɗan waje suka gagari masu otal, masaƙun Kaduna da masana'antun Kano suka fara sallamar ma'aikatan da ke cika bencina. Kaset ya sa mutum na iya jin makaɗinsa a ɗaki. Da finafinan Hausa suka bunƙasa bayan 1990, fiyanon Yamaha ya shiga situdiyoyin Kano, yaro ɗaya da na'ura ɗaya ya maye gurbin mutum goma. Sannan aka ƙaddamar da shari'a a Zamfara a 1999, wasu jihohi goma sha ɗaya suka bi, aka rufe mashaya da gidajen magajiya da dama. Rikicin Kaduna na 2000 da na Jos na 2001 suka raba garuruwan biyu gida-gida, fitar dare zuwa wata unguwa ta zama kasada.

Ba a musun cewa wuraren nan suna da ɓarnarsu. An sha giya, an yi caca, albashin wata ya ƙare a dare ɗaya, aure ya mutu. Waɗanda suka nemi a rufe su suna da hujja. Abin takaicin shi ne da aka rufe, ba a buɗe wani wuri mai tsabta da makaɗi zai riƙa zama da kayansa kowane mako ba. Gidajen gala da suka biyo baya rawa ake yi a kan waƙar da aka riga aka ɗauka, a wurin biki kuma mawaƙi kan riƙe makirufo yana bin muryarsa da ke fitowa daga na'ura. Yaron da ke son koyon kukuma a yau zai sha wahala kafin ya sami fagen da zai share.

A Yamai ta Jamhuriyar Nijar al'adar ta fi tsawon rai. Gasar Ɗan Gurmu da aka fara a 1987, da cibiyar koyar da kiɗa mai sunan Alhaji Taya, sun taimaka wajen renon makaɗa. Ƙungiyar Tal National, wadda Hamadal Issoufou Moumine da aka fi sani da Almeida ya kafa a 2000, ta gina sunanta ne da wasa dare biyar a mako, kowane wasa wajen awa biyar, da jita da ganguna da kalangu, cikin Zabarmanci da Hausa da Fulatanci da Buzanci. Saboda yawan gayyata sukan rabu biyu su yi wasa a wurare biyu a dare guda, faya-fayansu kuma a shataletalen birnin suke sayarwa da hannunsu. Lokacin da kundinsu Kaani ya fita kasuwar duniya a 2013 har suka zagaya Amurka, ƙwarewar da ta burge masu sauraro a can ta fito ne daga shekarun da suka yi a gaban masu binsu na Yamai.

A Arewacin Najeriya manyan sun tafi: Shata a 1999, Bala Miller a 2003, mawaƙiya Barmani Choge a 2013, Ɗan Maraya a 2015. Shata ya yi sa'a, Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun rubuta tarihinsa a 2006. Yawancin masu goge da kukuma ba su sami haka ba, balle masu binsu, waɗanda da yawansu sun zama dattawan unguwa da ba sa son a tuna musu. Duk da haka akwai sauran 'yan amshi da masu ƙwarya da tsofaffin direbobi a Zariya da Funtuwa da Jos da Sabon Garin Kano, akwai kuma kaset ɗin da aka ɗauka a wurin wasa suna lalacewa a akwatuna. Ya kamata sassan Hausa na jami'o'inmu da gidajen rediyon jihohi su tura ɗalibai da ma'aikata su zauna da mutanen nan, su naɗi bayaninsu, su kwafe kaset ɗin zuwa kwamfuta tun suna da rai.