Saɓanin ido da hannu wajen harbi: abin da ya kamata kurtun ɗan sanda ya sani

A filin koyon harbi akan samu kurtu mai lafiyar ido, hannunsa ba ya rawa, yana bin duk abin da malami ya ce, amma harsasansa sai su riƙa taruwa a gefe guda na allo, ko su wuce allon gaba ɗaya. Sau da yawa dalilin shi ne hannun da yake aiki da shi yana gefe ɗaya, idon da ƙwaƙwalwarsa ta fi dogara da shi kuma yana ɗaya gefen. Wannan shi ake kira saɓanin ido da hannu. Batun ya shafi duk saurayi ko budurwar da ke shirin shiga makarantar ƴan sanda ta ƙasa da ke Yamai, haka ma masu neman aikin jandarma, garde nasiyonal ko soja.

Ido jagora

Kamar yadda mutum yake da hannun da ya fi amfani da shi, haka yake da idon da ke jagoranci. Idanu biyu suna aika wa ƙwaƙwalwa hoto biyu masu ɗan bambanci, domin akwai tazarar kimanin santimita 6 tsakaninsu. Idan aka zo daidaita abu na kusa da abu na nesa a kan layi ɗaya, ƙwaƙwalwa takan ɗauki hoton ido ɗaya ta yi aiki da shi. Shi ne ido jagora, wanda malaman harbi ke kira œil directeur da faransanci.

Ido jagora ba lallai ne ya zama wanda ya fi gani tangaran ba. Gwajin karanta haruffa da likita ke yi yana auna ƙarfin gani ne kawai. Mutum na iya samun goma bisa goma a kowane ido, kuma yana da saɓanin. Ba cuta ba ce, ba ta buƙatar magani, tabarau ma ba ya sauya ta.

Yawan masu shi

Kimanin mutum 9 cikin 10 a duniya da hannun dama suke aiki, amma waɗanda idon damansu ke jagoranci ba su wuce kusan 2 cikin 3 ba. Wani nazari da aka wallafa a 1996, wanda ya tattara sakamakon bincike masu yawa, ya nuna kusan kashi 35 cikin ɗari na masu amfani da dama idon hagunsu ne jagora. A cikin bahagwai kuwa, sama da kashi 40 cikin ɗari idon damansu ne jagora. Ke nan a rukunin kurata 30 ba abin mamaki ba ne a samu kusan 10 masu saɓanin.

A ƙasar Hausa akwai ƙarin dalili. Yaron da aka haifa bahago akan hore shi tun yana ƙarami ya ci abinci, ya gaisa, ya yi rubutu da dama. Hannu ya koma dama, ido kuwa yana nan inda yake. Irin wannan matashi yakan ɗauki bindiga da dama don sabo, alhali hagu ta fi masa sauƙi.

Yadda ake ganewa

Gwajin ba ya cin minti ɗaya, kuma babu buƙatar bindiga. Hanya ta farko ana danganta ta da masanin Amurka Walter Miles. Mutum zai miƙa hannuwansa biyu gaba, ya haɗa tafukan ya bar ƴar kafa a tsakani, ya hango wani abu mai nisa ta cikinta, kamar ƙwan lantarki ko kan turken waya, idanu biyu a buɗe. Sai ya rufe ido ɗaya, ya buɗe, ya rufe ɗayan. Idon da abin ya tsaya cikin kafar idan shi kaɗai ne a buɗe, shi ne jagora. Malami da ke tsaye daga nesa yana iya gani da kansa: idan kurtu ya hango hancin malamin ta kafar, idon da malamin ya gani a ciki shi ne jagora.

Hanya ta biyu ta fi tsufa, domin masanin Italiya Giambattista della Porta ya bayyana ta tun 1593. A nuna abu mai nisa da yatsa, idanu biyu a buɗe, sannan a rufe su ɗaya bayan ɗaya. Idan yatsa ya yi tsalle ya bar abin, to idon da aka rufe shi ne jagora.

Yana da kyau a maimaita gwajin sau da dama, a ranaku daban-daban, a kuma sauya hannu. Akwai mutanen da jagorancin idonsu ba shi da ƙarfi, yakan koma wannan gefe ko wancan.

Abin da yake haifarwa

Bindiga tana da abin saiti biyu: tsaga a baya, da tsinke a kusa da baki. Harbi yana daidai ne idan ido, tsaga, tsinke da abin da ake bara suka hau layi ɗaya. Wanda ya kafa doguwar bindiga a kafaɗar dama, idon damansa ne ke bayan tsagar. Idan idon hagu ya karɓe aikin, sai ya daidaita tsinken da allo daga gefe, bakin bindiga ya karkata hagu ba tare da mai harbin ya sani ba. Bahago mai idon dama kuwa, harsashinsa dama zai nufa.

Lissafin mai sauƙi ne. Idan tazarar idanu santimita 6 ce, tsinken kuma yana nesa da fuska da kimanin santimita 70, kuskuren na iya kai kusan mita 2 a nisan mita 25, idan idon hagu ya yi watsi da tsagar baya gaba ɗaya. A filin horo wannan asarar maki ce. A bakin kasuwa ko tashar mota, mita 2 ita ce tazarar da ke tsakanin ɗan fashi da mai tallar da ke tsaye kusa da shi.

Ƙaramar bindiga

Ga bindigar hannu, wato pistole, gyaran ba shi da wuya, domin ba ta manne da kafaɗa. Kurtu zai ci gaba da riƙe ta da hannun da ya fi ƙarfi, shi ne kuma zai ja kunama. Abin da zai sauya shi ne wurin da bindigar ke tsayawa. Idan ya fuskanci allo da ƙirji, ya miƙa hannuwa biyu daidai, bindigar tana tsakiyar fuska, sai ya gusar da ita ƴan santimita zuwa gaban ido jagora. Wasu kuma sukan ɗan juya haɓa zuwa kafaɗar hannun da ke riƙe da bindiga, har idon ya zo bayan tsagar. Abin gudu shi ne kwantar da kai a kan kafaɗa, domin yana gajiyar da wuya, yana kuma karkatar da gani. Muddin ido ɗaya ne ya haɗa tsaga da tsinke, harsashi zai tafi inda aka nufa, ko da wane ido ne.

Doguwar bindiga

A nan ne aikin yake, domin kunci yana manne da gindin bindiga, ido ɗaya kaɗai ke iya zama bayan saiti. Leƙawa da idon hagu ta saman gindin da ke kafaɗar dama yana ɓata tsayuwa, kuma ba ya ɗorewa.

Malaman harbi da dama sun fi son sabon kurtu ya bi idonsa, ya koma ɗaya kafaɗar. Hujjarsu ita ce hannu yana koyon sabon aiki da maimaici, amma sauya ido jagora abu ne mai wuya. Wanda bai taɓa harbi ba kuwa ba shi da tsohon sabon da zai yaƙa. Kalashnikov, wadda aka saba gani a hannun jami'an tsaro a yankin Sahel, tana karɓar harbi daga kafaɗar hagu. Tana watsa kwanson harsashi ta dama, ƙarfen kullewa da hannun ɗana ta su ma suna dama, sai dai a koyi sarrafa su ta wata hanya. Ba kowace bindiga ce haka ba. FAMAS ta Faransa sai an juya wasu sassanta kafin bahago ya yi amfani da ita, L85 ta Ingila kuwa an ƙera ta ne don kafaɗar dama kawai, saboda kwanson yana fita daidai fuskar wanda ya kafa ta a hagu.

Wanda ya kasa sabawa da ɗaya kafaɗar yana da wata mafita: ya rage ƙarfin ido jagora lokacin saiti. A filin horo akan manna ɗan salatif mai duhu-duhu a gilashin tabarau na kariya, daidai gaban idon, don ɗayan ya karɓi aikin. Na'urar saiti mai jan ɗigo, wadda ake dubawa da idanu biyu a buɗe, ita ma tana sauƙaƙa wa wasu, inda ake da ita.

Rufe ido ɗaya

Yawancin mutane da kansu suke rufe ido ɗaya, kuma yana aiki idan ana harbin allo mai nisa cikin natsuwa. Amma ɗan sanda a bakin aiki yana buƙatar ganin abin da ke gefensa: abokin aiki, yaron da ya ratso, ko mutum na biyu da ke ɗauke da makami. Rufe ido yana yanke wani sashe na gefen gani, yana kuma rage iya ƙiyasta nisa. Ga shi kuma mutumin da ya tsorata yakan zare idanu biyu ba da niyya ba. Shi ya sa wanda ya dogara da rufe ido kaɗai zai iya samun kansa da tsohon kuskurensa a ranar da abin ya zama na gaske. Ɗan kanne idon na daƙiƙar da za a ja kunama, a buɗe nan take, ya fi rufe shi ruf.

Kafin harbin farko

Lokacin da ya fi dacewa a yi gwajin shi ne kafin a raba bindigogi, domin daga sakamakonsa ne za a san kafaɗar da kurtu zai koya da ita. Wanda ya san yana da saɓanin ya faɗa wa malaminsa tun ranar farko, babu abin kunya a ciki. Idan an zaɓi hanya, a tsaya a kanta, domin yau dama gobe hagu shi ne ke hana jiki sabawa. Maimaita ɗaga bindiga zuwa ido ba tare da harsashi ba yana gina wannan sabo, amma a ƙarƙashin kulawar malami, bayan an cire gidan harsasai an kuma duba cikin bindigar an tabbatar babu komai. Matashin da ke jiran sakamakon konkur a Maraɗi, Damagaram ko Tawa yana iya sanin idonsa jagora tun daga gida, da tafukan hannunsa biyu kawai.