Tarihin Diyyar Ma'aikaci: Daga Karo-karon Masallaci Zuwa Asusun Gwamnati

Tun da aka kafa Sabon Ibadan a 1916, ba dukkan iyayenmu ne fatake ba. Da yawansu ƙarfinsu ne jarinsu: 'yan dakon goro, masu koro shanu, leburorin reluwe da masu gadi. Idan huhun goro ya karya wa mutum baya, maigidansa ne zai kai shi wurin mai ɗori, a yi masa karo-karo bayan sallar Juma'a, a ce Allah ya sa kaffara ce. Shi ke nan.

Alhali kuwa tun 1941 Turawan mulki suka kafa dokar diyyar ma'aikata, wadda ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikaci nauyin biyansa in ya ji rauni a bakin aiki. Sai dai mutanenmu ba su da takardar ɗaukar aiki, ba sa jin Turanci, kuma suna gudun kotu. Doka tana littafi, mu muna zango.

A 1987 gwamnatin Janar Babangida ta sake dokar. Ta ce wanda ya rasu a kan aiki, a bai wa iyalinsa albashin wata 42, wanda kuma ya nakasa gaba ɗaya, na wata 54. To amma har yanzu kuɗin ta hannun kamfani zai fito. In ya ƙi, sai shari'a. Mun ga wani ɗan unguwarmu da inji ya cinye wa yatsu uku a wata masana'anta. Kuɗin mota kawai aka ba shi, ya koma Arewa bai san yana bin kowa bashi ba.

A watan Disamba na 2010 Shugaba Jonathan ya sa hannu a dokar da ake aiki da ita yanzu. Kowane mai ɗaukar ma'aikata zai riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da yake biya a asusun da hukumar NSITF ke riƙewa, ba tare da an taɓa albashin ma'aikaci ba. Daga nan ake biyan magani da diyya, ba sai an tabbatar laifin wane ne ba. Har hatsarin da ya samu mutum a hanyarsa ta zuwa aiki ko komawa gida yana ciki.

Amma akwai wa'adi, kuma a nan muke yin asara. Wanda ya ji rauni, ko iyalinsa, ya sanar da wurin aikinsa cikin kwana 14. Su kuma su kai wa hukuma rahoto cikin kwana 7. Takardar neman diyya a shigar da ita kafin shekara ta cika. Don haka a je asibiti, kada a tsaya wurin mai ɗori kaɗai, domin takardar likita ita ce shaida. A adana katin aiki da takardar albashi, a kuma riƙe sunayen waɗanda abin ya faru a gabansu.

Mun yarda da ƙaddara, amma ko a Islamiyya mun karanta babin diyya, ba a ce mana neman haƙƙi rashin tawakkali ba ne. Karo-karo ya ci gaba, sai dai kada ya hana marayu abin da doka ta ba su. Allah ya tsare mu, amin.