Haɗa Kwamfutoci a Aikin Kiɗa da Sautin Fim: Asalinsa da Yadda Ya Zo Kano

Haɗa kwamfutoci a aikin kiɗa shi ne a sa na'ura biyu ko fiye su yi aiki a kan waƙa ɗaya kuma a kan agogo ɗaya, ta yadda in an tayar da guda sauran za su tashi tare da ita, babu mai riga wata. Abokin tafiyarsa shi ne kunna bidiyo a cikin manhajar sauti, domin makaɗi ko mai ɗora murya ya riƙa kallon hoton yayin da yake aiki. Matsalar da suke magancewa ɗaya ce, wato lokaci. Duk wanda ya taɓa kallon fim ya ga bakin jarumi ya rufe amma magana na ci gaba ya san illar rashin daidaiton.

Asalin abin

Tun a ƙarshen shekarun 1960 masu aikin talabijin a Amurka suka fara bai wa kowane hoto na bidiyo lambarsa ta awa da minti da daƙiƙa, tsarin da aka sani da SMPTE. Sai a 1983 makaɗa suka samu nasu harshen na'ura, MIDI, wanda Dave Smith na kamfanin Sequential Circuits a Amurka da Ikutaro Kakehashi na Roland a Japan suka yi ruwa da tsaki wajen samar da shi. MIDI ba ya ɗaukar sauti. Umarni yake aikawa: wane maɓalli aka danna, da wane ƙarfi, yaushe aka saki. Waya ɗaya na ɗaukar layi 16. Kwamfutar Atari ST ta 1985 ta zo da ramukan MIDI a jikinta, kuma a kanta kamfanin Steinberg na birnin Hambug a Jamus ya fitar da manhajar Cubase a 1989. Pro Tools ta biyo baya a 1991, Auto-Tune a 1997, sannan FruityLoops daga Beljiyam, wadda aka sauya wa suna zuwa FL Studio a 2003.

Da kayan kiɗan da ke cikin manhaja suka yi yawa, sai kwamfuta ɗaya ta fara gazawa. Dabarar da aka ɓullo da ita ita ce raba kaya: wannan ta ɗauki ganguna, waccan ta ɗauki muryoyi, ta uku ta riƙe bidiyo kaɗai. Steinberg ta kawo VST System Link a 2002, kamfanin Audinate na Ostareliya ya kawo Dante a 2006, mai tura sauti ta wayar sadarwar kwamfuta irin ta ofis.

Yadda ya zo Kano

Kano ba ta bi wannan hanya daki-daki ba. A da, makaɗa irin su Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos kan yi waƙarsu ne gaba ɗaya a zama guda, da makaɗi da 'yan amshi, na'ura na naɗa. Abin da ya sauya wannan shi ne fim ɗin bidiyo na Hausa, wanda ake ƙirga farkonsa daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990. A ƙarshen shekarun 1990 fiyanon Yamaha samfurin PSR ya shiga situdiyoyin Kano, ciki har da na Iyan-Tama, mutum ɗaya ya koma yana fitar da kiɗan da a da sai an tara mutum biyar. Fim ɗin Sangaya na kamfanin Sarauniya a 1999 ya nuna wa kowa cewa waƙar fiyano na sayar da kaset. Daga nan kiɗan nanaye ya kafu, Titin Gidan Zoo ya cika da situdiyoyi, kwamfuta kuma ta shigo ta karɓi aikin naɗar murya da tace ta.

A nan akwai wani bambanci da ya kamata a tsaya a kai. A Turai da Amurka akan gama fim, sannan mai kiɗa ya zauna yana kallo yana tsara sautin da ya dace da kowace fitowa, shi ya sa suka matsu da ganin bidiyo a cikin manhajar sauti. A Kano waƙa ce ke riga hoto. Mawaƙi ya shiga situdiyo ya rera, furodusa ya saya, a tafi da ita wurin ɗaukar fim a kunna, jarumai su bi ta da baki da rawa. Daga baya edita ya ɗora hoton a kan waƙar. Wato hoto ne ke bin sauti, kamar yadda ake yi a finafinan Indiya. Saboda haka makaɗin Kano ya daɗe bai damu da tagar bidiyo da ke cikin Cubase ɗinsa ba.

Fassarar finafinan Indiya zuwa Hausa, wadda ta yi tashe a shekarun 2010 ta hannun situdiyoyi irin su Algaita, ita ta sa dole a buɗe tagar. Mai fassara na tsaye gaban makirfo, idonsa na kan leɓen jarumi, dole jimlarsa ta fara ta kuma ƙare tare da motsin bakin. Zuwan tashar Arewa24 a 2014, da shirinta Daɗin Kowa, da kuma finafinai masu dogon zango irin su Labarina, ya ƙara ɗaga darajar sauti mai tsafta. Nan ne ƙananan ƙa'idoji suka fara cizo. Talabijin a Najeriya na tafiya da hoto 25 a daƙiƙa. Sautin bidiyo akan naɗe shi a ma'aunin 48,000 a daƙiƙa, na faifan CD kuwa 44,100. In aka kunna ɗaya a mazaunin ɗaya ba tare da an juya shi ba, murya za ta sauya, saurin ya bambanta da kusan kashi 9 cikin ɗari, kafin a yi minti guda baki da magana sun raba gari.

Hanyar da aka fi bi

Haɗa kwamfuta da kwamfuta ta waya irin na manyan situdiyoyin duniya yana buƙatar wuta tsayayya da kuɗin kaya. Inda ake aiki da janareta, kowace na'ura da aka ƙara ƙarin mai ce, kuma in wuta ta ɗauke a tsakiyar naɗi, kwamfuta uku ne za su mutu maimakon ɗaya. Don haka sadarwar da ta riƙe masana'antar ta mutane ce. Da farko kaset da faifan CD, daga baya filashi da memori, sai Bluetooth da Xender a shagunan masu tura waƙa, yanzu kuma WhatsApp da Telegram. Yaro ne ake aikawa da filashi daga ɗakin makaɗi zuwa ɗakin edita. A ganina wannan ba gazawa ba ce, dabara ce da ta dace da aljihu da yanayi, kuma ita ta ba matashin da ke zaune a Tudun Murtala ko Gama ko Dakata, a ƙaramar hukumar Nassarawa, damar haɗa kiɗa a laftof a ɗakinsa ya tura wa mawaƙi a Kaduna ko Maraɗi ba tare da ya taka Titin Gidan Zoo ba.

Sai dai dabarar na da farashi. Saƙon murya na WhatsApp matse sauti yake yi, abin da aka zubar kuma ba ya dawowa. Filashin da ya zaga kwamfuta goma yakan kwaso cuta, kuma ta irin wannan yawo ne waƙa kan fita gari kafin mai ita ya sake ta. Ga shi kuma kwamfutocin yau sun yi ƙarfin da guda ɗaya ke ɗaukar kiɗa da murya da bidiyo tare, don haka raba kaya bai zama dole ba kamar a 2002. Abin da ya rage wa ƙaramin situdiyo shi ne waya ɗaya tsakanin kwamfutar makaɗi da ta edita, da ma'ajiya ta biyu da ake kwafe aiki a ciki kowace rana.

Ga mai shirin buɗe situdiyo a unguwa: kafin ka danna naɗi, ku yi magana da editanka ku tsaya a kan ma'auni ɗaya na sauti da na hoto, in za ka tura aiki ka tura shi a matsayin fayil cikakke, kuma ka ajiye asalinsa a wuri biyu.