Daga IBM zuwa Matsinkai: yadda aka yi muke haɗa kwamfutar gem da hannunmu

1/
Ranar Juma'a ɗan yayata ya same ni ina hure ƙura daga cikin kwamfutar shago. Ya leƙa ya ga kwalin na Dell ne, katin hoto na Nvidia, RAM na Samsung. Ya ce, "Kawu, ya aka yi suka yarda da juna? Ai PS4 ba a yi mata haka." Amsar ta faro ne tun 1981. Ku gyara zama, zaren dogo ne 🧵

2/
Ni ɗan Matsinkai ne, ƙaramar hukumar Bagudo a jihar Kebbi, can gefen iyakar Benin. Ina da ɗan gidan gem, kwamfuta uku da PS ɗaya. Duka ukun da hannuna na haɗa su, kuma ta farkon sai da ta ci min kuɗin shinkafa buhu huɗu a banza. Zan zo kan wannan, amma bari mu fara daga tushe.

3/
A ƙarshen shekarun 1970 IBM ne sarkin kwamfuta a duniya, amma irin manyan nan da ke cika ɗaki, na bankuna da gwamnati. Sai ga Apple II ta fito a 1977, mutane suna saye suna kaiwa gida. IBM ya ga kasuwa za ta wuce shi. Aka tara wasu injiniyoyi a Boca Raton, jihar Florida, ƙarƙashin Don Estridge, aka ba su kamar shekara ɗaya.

4/
Shekara ɗaya ba ta isa a ƙera komai daga farko ba. Sai suka yi abin da IBM bai saba ba, suka shiga kasuwa sayen kayan wasu. Furosesa daga Intel, mai lamba 8088. Manhajar tafiyar da na'ura daga wani ƙaramin kamfani, Microsoft. Ranar 12 ga Agusta 1981 IBM PC ta fito a kan dala 1,565, da RAM na 16KB. Hoton da ka tura a WhatsApp ɗazu ya fi ƙarfinta.

5/
Abu biyu suka bari a buɗe, kuma su muke ci har yau. Na ɗaya, ramuka biyar a jikin madabod inda kowa zai iya cusa katin da ya ƙera. Na biyu, sun buga littafin da ya bayyana yadda cikin na'urar yake dalla-dalla. Ga kuma Bill Gates, da yarjejeniyarsa da IBM ba ta hana shi sayar wa wasu DOS ba.

6/
Makulli ɗaya ya rage a hannun IBM: BIOS, ɗan shirin da ke tada na'ura idan ka kunna. Compaq suka rubuta nasu mai aiki iri ɗaya, suka fito da kwamfutarsu a 1983. A 1984 kamfanin Phoenix ya raba ma'aikata gida biyu, wasu su karanta na IBM su faɗi abin da yake yi, wasu da ba su taɓa ganinsa ba su rubuta sabo. Suka sayar wa duk mai so. Shikenan, gari ya waye.

7/
A 1987 IBM ya so rufe ƙofa. Ya fito da PS/2 mai sabon rami, Micro Channel, wanda sai ka biya shi kafin ka yi amfani da shi. Sauran kamfanoni suka ƙi, suka ci gaba da tsohon tsari suna inganta shi. Ƙarshe dai a 2005 IBM ya sayar wa Lenovo na Chaina sashen kwamfutocinsa. Mai gida ya bar gidan, 'yan haya suka gaje.

8/
To ina gem ya shigo? Disamba 1993, Doom ta fito daga id Software. Ita ce ta sa samari da yawa suka fara buɗe kwali suna neman ƙarin RAM da furosesa mai gudu. A 1995 kuma abu biyu suka zo: Windows 95 da DirectX, wanda ya sauƙaƙa wa masu rubuta gem magana da kowane irin kati.

9/
A shekarar 1995 ɗin dai Intel ya fitar da tsarin ATX, wato girman madabod, inda noti zai shiga, da irin fulogin wuta. Shi ya sa kwalin da aka ƙera shekara ashirin da suka wuce yake karɓar madabod ɗin bana. Ku riƙe sunan ATX, zai dawo ya cije ni a gaba.

10/
1996: kamfanin 3dfx ya fito da Voodoo, katin da aikinsa kawai zana hoto mai zurfi, ƙwaƙwalwarsa 4MB. Wanda ya ga Quake da shi ba ya komawa baya. 1999: Nvidia na Jensen Huang ya kawo GeForce 256. Ƙarshen 2000 3dfx ya durƙushe, Nvidia ya saye kayansa. 2006 kuma AMD ya saye ATI. Daga nan aka samu kore da ja da ake musu a kansu har gobe.

11/
Yanzu mu dawo gida. GSM ya shigo Najeriya a Agusta 2001, Windows XP ta fito a Oktoba. A shekarar ce Leo Stan Ekeh ya ƙaddamar da kwamfutar Zinox a nan ƙasar. Sai kafe-kafe suka ɓarke a birane. Ni sai wajen 2008 na fara taɓa linzami, a wani kafe a Birnin Kebbi, ina ɗalibi. Na biya kuɗin awa ɗaya don duba sakamako, na ƙare a GTA Vice City 😅

12/
Galibin kwamfutocin lokacin ba sababbi ba ne. Ofisoshin Turai da Amurka suna sauya na'urori bayan 'yan shekaru, dillalai su kwashe tsofaffin su loda a kwantena zuwa Legas da Kwatano. Daga nan sai Computer Village a Ikeja, sai Kano, sai sauran garuruwa. Pentium 3, Pentium 4, da faifan XP a cikin leda. A kansu muka buga PES 6 da Need for Speed.

13/
Mu mutanen Bagudo kalmar "Kwatano" ba labari ba ce a wurinmu. Titin da ya taso daga tashar jirgin ruwan Kwatano ya ratsa Parakou da Kandi, sama da kilomita 700, ya ƙare a Malanville bakin Kwara, Gaya ta Nijar na tsallake. Daga Lolo kuwa taku kaɗan ka shiga Benin. Mota 'yar Kwatano, firji ɗan Kwatano, haka ma monita na farko da na saya.

14/
2018 na yanke shawarar buɗe gidan gem. Na sayi Dell OptiPlex 7020 na hannu, i5 ƙarni na huɗu, RAM 4GB. Na'urar ofis ce, ba ta da katin hoto. Wani a Kano ya ce yana da GTX 1050 Ti a farashin da ya sa zuciyata ta buga. "Maigida, sabo ne fil, kar ka bari ya wuce ka." Na sayar da shanshera buhu huɗu, na tura, ya ba direba.

15/
Kati ya iso, na cusa, Windows ta rubuta GTX 1050 Ti ɓaro-ɓaro. Na kunna GTA V. Minti biyu allo ya cika da zane-zane, gem ya mutu. Na sake, haka. Kwana uku ina zargin RAM, ina zargin zafi. Ashe tsohon GTS 450 ne na 2010, aka sauya masa BIOS ya riƙa amsa sunan da ba nasa ba. Na kira lambar, a kashe. Har yau.

16/
Ga abin da da na sani da ban faɗa ba: katunan GTX 10 na gaskiya ba su da ramin VGA, shuɗin nan mai huji 15. Nvidia ya cire shi tun 2016. Nawa yana da shi, yana kallona ina kallonsa. Kafin ka biya, a cusa katin a gabanka, a buɗe GPU-Z, a buga gem mai nauyi na rabin awa. Mai kayan da ya ƙi, ka riƙe kuɗinka.

17/
Na sake tara kuɗi, na ce bari in sa fawa fak mai ƙarfi. Na buɗe Dell, sai na tarar fulogin madabod ɗin mai fil 8 ne, alhali na ATX fil 24 ne. Wato abin da IBM ya gwada a 1987, kamfanoni suna yin ɗan ƙaraminsa har yanzu a na'urorin ofis. Sai da adafta, ko ka haƙura da wutar da suka ba ka.

18/
GTX 750 Ti ce ta fitar da ni kunya. Ta 2014 ce, wat 60 take ci, ramin PCIe kuma yana bayar da har 75, don haka ba ta neman wata waya. Na ƙara RAM ya zama 8GB, sanda biyu iri ɗaya, na sa SSD a madadin tsohon hadi. Wallahi SSD ɗin nan kaɗai ya sa na'urar ta zama kamar an sauya ta. PES ta zauna lafiya, yara suka fara layi.

19/
A nan garin lissafin wat ya fi lissafin komai. RTX 4090 ita kaɗai wat 450 take sha. Wanda ke kan sola da batir biyu, ko ƙaramin janareto, me zai yi da ita? Kuma na taɓa rasa madabod ɗaya da wuta ta dawo da ƙarfi cikin dare. Tun ranar ba na jona komai kai tsaye a bango. Ga ƙurar hunturu, ga zafin Afrilu: duk wata sai na buɗe na hure fanka.

20/
Daga nan duniya ta yi ta jefo mana duwatsu. Agusta 2019 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, kayan Kwatano suka yi wuya. 2020 korona, masana'antu suka tsaya, kowa a duniya yana gida yana neman kwamfuta. 2021 masu haƙar kirifto suka kwashe katunan hoto, har tsoho ya fi kuɗin da aka saye shi sabo.

21/
15 ga Satumba 2022 Ethereum ya daina amfani da haƙa. Dare ɗaya dubban katuna suka rasa aiki, suka malalo kasuwar na hannu, irin su RX 580. Wasu lafiya lau, wasu sun shekara suna gudu ba hutu. Muna murnar sauƙi sai Yuni 2023 aka saki naira, dala ta tashi daga wajen 460 har ta haye 1,500 a farkon 2024. Sauƙin ya bi ruwa.

22/
Sai maganar Windows, inda na ga samari suna kashe kuɗi ba dalili. Filashi mai 8GB, fayil ɗin Windows daga shafin Microsoft, da ɗan shirin Rufus, sun isa. Ka zaɓi GPT idan madabod ɗin na UEFI ne. Ka cire sauran hadi kafin ka fara, kar ka goge hotunan bikin wani. Bayan ta hau, direban katin hoto daga shafin Nvidia ko AMD. Ni da datar dare nake saukewa, in sabis ɗin Benin bai fizge wayar ba.

23/
Waɗancan Windows da aka "rage wa nauyi" da ake turawa a filashi, ban yarda da su ba. Ba ka san wanda ya taɓa su ba, kuma a na'urar da za ka buɗe manhajar bankinka. XP ta mutu a Afrilu 2014, Windows 7 a Janairu 2020, amma har yau akwai shagon da ke kansu.

24/
Ga wadda ta shafe mu yanzu. 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 kamar da. Windows 11 kuma tana neman TPM 2.0 da furosesa na Intel ƙarni na 8 zuwa sama, ko Ryzen 2000 zuwa sama. Ma'ana ofisoshin Turai suna zubar da ƙarni na 4, na 6, na 7. Ina kuke jin za su sauka? Kwantena dai, Legas da Kwatano dai.

25/
Za ku gan su da araha, a ce muku "Core i7 ce fa!" Tambaya ita ce wane ƙarni. Lambar farko bayan layi ke faɗa: i7-4770 na huɗu ne, i5-8500 na takwas. Kuma i5 ɗin nan na takwas ya fi wancan i7 ɗin. Ana iya tsallake sharaɗin TPM da Rufus, na yi a ɗaya daga nawa, amma gem irin Valorant ba ya tashi a Windows 11 sai da TPM da Secure Boot.

26/
Akwai wata ƙofar. Valve, masu Steam, sun fito da Proton a 2018 da Steam Deck a 2022, yanzu gem ɗin Windows da yawa suna gudu a Linux. Na gwada a tsohuwar Dell, da yawa sun tashi. Fortnite da Valorant dai ba sa yi, saboda manhajarsu ta hana maguɗi. In su yaranka ke bugawa, ka sani tun wuri.

27/
Mai son abin da zai riƙa ɗagawa a hankali, ya dubi AM4 na AMD. Ryzen na farko ya hau shi a 2017, Ryzen 5000 na 2020 ma shi ya hau. Madabod B450 da ka sa wa ƙaramin furosesa, in ka sabunta BIOS zai ɗauki Ryzen 5 5600. Kwali ATX, fawa fak na kirki fil 24. Kwamfutata ta uku kenan, shekara uku ina ƙara mata abu ɗaiɗai.

28/
Shi ɗan yayar tawa ashe ba a banza ya yi tambayar ba. Ya tara kuɗin aikin albasa na rani, wani ya turo masa hoton i7 da "GTX 1050 Ti" a WhatsApp, saura ƙiris ya tura. Na ce ya faɗaɗa hoton bayan katin. Ga shuɗin ramin VGA nan zaune 😭

29/
Kuɗin na aljihunsa. Mun rubuta jerin kaya a bayan littafin bashin shago: i5 ƙarni na 8, RAM 8GB sanda biyu, SSD, kati kuma sai mun gani da ido. Asabar mai zuwa za mu shiga Birnin Kebbi tare, da filashina mai GPU-Z a aljihu. Sukudireba kuma shi zai riƙe, ni kallo zan yi.

In muka dawo zan ɗora hotunan a ƙarƙashin zaren nan.