Saye Da Ido Da Saye Da Aike

A ƙasar Amurka, kafin shekara ta 1916, ba safai mai saye yakan taɓa kayan kanti da hannunsa ba. Yakan tsaya gaban teburi ya faɗi bukatarsa, yaron kanti ya ɗebo, ya auna, ya ƙunshe masa. Masu hali kuwa takarda suke aikawa, ko su buga waya, a kai musu kayan har gida a keken doki. Idan an haɗa musu da ruɓaɓɓen dankali, ba sa ganinsa sai an zo ɗora tukunya.

A cikin 1916 wani ɗan kasuwa, Clarence Saunders, ya buɗe kantin Piggly Wiggly a birnin Memphis. Ya ba masu saye kwanduna, kowa ya zaga ya zaɓi abin da ya yi masa, sa'an nan ya biya a bakin ƙofa. Dabarar ta rage kuɗin ma'aikata, ta bazu ƙasashe da yawa, har mutane suka saba da duba kayan miya da idonsu.

Da intanet ta zo sai aike ya dawo. Kamfanin Webvan ya fara kai cefane gida a 1999, amma kuɗin gina manyan rumbuna ya karya shi a 2001. Sana'ar ta bunƙasa sosai a 2020, lokacin da annobar korona ta tsare mutane a gidajensu.

To, sai tsohuwar matsala ta sake ɓullowa. Gwangwanin madara ɗaya yake da ɗan'uwansa, amma tumatir da ayaba suna ci gaba da nuna bayan an tsinke su, ganye kuwa yana yaushi a hanya. Wanda aka aika sauri yake yi, bai kuma san ko yau za a dafa ko jibi ba.

Matan kulle a ƙasar Hausa sun daɗe da sanin wannan. Sukan aiki yaro kasuwa da bayani filla-filla, ko su jira 'yar talla ta shigo da tire, su matsa tumatir, su shinshina daddawa kafin su biya. Shinkafa da gishiri sukan yi daɗin aike. Abin da ke ruɓewa kuwa, gani ya kori ji; in aike ya zama tilas, sai a faɗa wa ɗan aike ranar da za a yi girkin.