Zane Marar Kwaikwayon Siffa a Ƙasar Hausa: Waiwaye Kan Makarantar Zariya

1.0 Gabatarwa

Sau da yawa akan ɗauka cewa zanen da ba ya kwaikwayon siffar mutum ko dabba ko wani abin da ido ya sani, baƙo ne da Turawa suka kawo. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa irin wannan zane ya daɗe a ƙasar Hausa, kuma nazarin gado ne ya ba masu zanen zamani na Nijeriya ƙafar tsayuwa.

2.0 Tushen Gargajiya

Tun kafin zuwan Turawa, Bahaushe yana ƙawata kayansa da layuka da da'irori da ƙulle-ƙulle. Magini yana yi wa bangon soro ado, maɗinki yana fitar da aska biyu da aska takwas da tambari a gaban riga, alaramma kuma yana zayyana allon sauka. Koyarwar Musulunci game da surar mai rai ta ƙara karkata fasihai zuwa wannan tafarki. Babban misali shi ne Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu (1834-1846), da ginshiƙai da bakan gizo masu ado.

3.0 Makarantar Zariya

A 1958 wasu ɗaliban Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiyar masu zane. Daga cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya. Kokensu shi ne manhajar ta ginu kacokan a kan al'adar Ingila. A 1960 Okeke ya bayyana aƙidarsu: mai zane ya koma ya binciki fasahar al'ummarsa, sannan ya haɗa ta da dabarun zamani. Shi kansa ya tattara zanen uli da matan Ibo ke yi a jiki da bango, ya kuma mayar da shi ginshiƙin koyarwa a Nsukka daga 1970. Ke nan bincike ne ya riga buroshi. Daga baya Gani Odutokun, wanda ya rasu a 1995, da Jerry Buhari suka ɗaukaka zane marar kwaikwayo a Zariya.

4.0 Darasi Ga Ƙasar Katagum

Masarautar Katagum, wadda Malam Ibrahim Zaki ya kafa a farkon ƙarni na 19, ta haɗa Hausawa da Fulani da Barebari, kuma fadarta ta dawo Azare a 1916. Duk inda aka sami irin wannan cuɗanya, akan sami yalwar salon ado da sunayensa. Sai dai siminti ya ture ginin ƙasa, keken ɗinki kuma ya rage aikin allura. Idan gwani ya rasu, sunan zane da ma'anarsa sukan bi shi.

5.0 Kammalawa

Saboda haka aikin bai tsaya kan masu zane kaɗai ba. Wajibi ne masana harshe su shiga wurin magina da maɗinka da alarammomi, su rubuta kalmomin sana'arsu tun masu su suna raye, domin da tsohuwar zuma ake magani.